Bizar Goggo Dije

'Yan Arewa da ke zaune a Doha da yawa sun ji jinyar maigidana a guntu-guntu, kowa da irin gishirin da ya ƙara. Wata ma ta tare ni a gidan suna ta ce ta ji aljanu ne suka shanye masa ƙafa a wurin aiki. Shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna, yanzu da Allah Ya tashi kafaɗunsa, ko wani ya tsira daga kuskuren da na yi. Abin da na gani zan faɗa. Wanda ban gane ba ma zan faɗa in bar ku da shi, don ni ma haka aka bar ni da shi.

Sunana Rabi, ina koyarwa a wata firamare a Al Rayyan. Maigidana Habibu injiniya ne a wani kamfanin gas, amma ni Baban Amira nake ce masa, da sunan 'yarmu tilo. Muna zaune a Mansura, hawa na uku, a gidan da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama.

A watan Agustan shekarar gasar kofin duniya korona ta kama shi. Lokacin an fara raina ta, kowa ya sauke takunkumi zuwa haɓa. Ya yi kwana biyar yana zazzaɓi da tari, ya warware. Bayan mako biyu, wata safiya yana shirin fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

"Rabi, na sa takalmi kuwa?"

Na duba, ga takalmi a ƙafarsa. Na ce, "A'a, kwale-kwale ka sa." Na yi dariya, shi bai yi ba.

"Ba na jin su," ya ce.

Ni da bakina na ce masa son hutu ne. Na shafa masa man zafi kwana biyu ina tsokanarsa. Rana ta uku ya faɗi a bayi yana alwala, ya kasa tashi, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bai ji zafin faɗuwar ba. Har yau idan na tuna maganar kwale-kwalen nan sai in ji kunyar kaina.

A asibiti mun yi awa huɗu a layi, kowace kujera an ɗaure ta kusa da ita da igiya don kada a matsu. Ba wanda ke magana, sai idanu a saman takunkumi. Suka ɗebi jini, suka ɗebi ruwa a ƙashin bayansa. Allah Ya haɗa mu da Dakta Larai, 'yar Zariya, ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa.

"Jikinsa ne ya tashi yaƙar korona, da ya gama bai ajiye makami ba, ya juya kan jijiyoyinsa. Ciwon nan hawa yake yi, daga ƙafa. In ya tsaya a ƙugu, alhamdulillahi. In ya kai ƙirji, sai inji ya yi masa numfashi."

"Yana sauka kuwa?"

"Yana sauka in Allah Ya so, amma ba ya sauri. Kuma ki sa a ranki, ƙafa ce ta ƙarshe da ke dawowa."

Mutum ɗaya ake bari ya shiga dubiya, da rana kaɗai. Ina tashi daga makaranta in ajiye Amira a wurin maƙwabciyata Anti Fati, 'yar Zangon Kumasi da ta shekara goma sha biyu a nan, in wuce asibiti. Kullum sai in ɗauki biro in riƙa tsikarar jikinsa daga ƙasa har inda zai ce ya ji, in ja layi a wurin. Makon farko layin yana gwiwa. Na biyu ya wuce cinya. Layukan baya ba sa gogewa da wuri, sai ƙafarsa ta zama kamar bangon rijiya da ruwa ya bar wa shaida.

Waya kuwa ba ta huta ba. Mahaifiyata ta ce sammu ne na abokan aiki. Wani kawunsa ya ce a ɗauko shi a dawo da shi gida, kamar buhun masara ne. Wata gwaggona ta rantse kitsen damo ne maganinsa. Na ce mata, "Gwaggo, a Doha ko ƙadangare ban taɓa gani ba." Na gode musu duka, don ƙauna ce ta sa, amma akwai ranar da na kashe wayar na sa ta a firji.

Ranar da hannayensa suka tafi, ya dube ni ya ce, "Rabi, ki kawo mini Goggo."

Sai na yi muku bayanin Goggo. Baban Amira ɗan fari ne. Ranar da aka yaye shi a Haɗejia, yayar mahaifinsa, Goggo Dije, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta goya shi ta tafi da shi gidanta, bai sake kwana a ɗakin mahaifiyarsa ba. Ita ta yi masa kaciya, ta kai shi makaranta, ta sayar da awakinta ya tafi jami'a, ita ta zo neman aurena. Mahaifiyarsa kuwa, Hajiya Asabe, tana nan da ranta, gida uku tsakaninsu, amma kunyar ɗan fari ba ta taɓa bari ta kira sunansa ba. "Yaron Dije" take cewa. In ya je gaishe ta, ta juya gefe ta amsa wa bango. Ya taɓa ba ni labari cewa yana yaro, duk ranar da ya dawo daga yawo ƙafa na ciwo, Goggo ce ke ɗora ƙafar a cinyarta ta matsa masa da man shanu har ya yi barci.

Bizar ziyarar iyali da sunan maigida ake nema, a wayarsa. Wayar kuma da ɗan yatsa take buɗewa. Na kama babban yatsansa, sanyi ƙalau ba nauyi ba motsi, na danna a gilashin, ta buɗe. Yana kallona ina amfani da hannunsa kamar cokali. Da na zo inda aka ce a faɗi dangantaka, na zaɓi uwa. Wallahi ko daƙiƙa ɗaya ban yi tunani ba. Na haɗa fasfon Goggo na Umara da takardar haihuwarsa, na tura.

Kwana biyu bayan haka layin ya kai ƙirji. Suka huda maƙogwaronsa suka sa inji. Daga ranar sai ido: ƙiftawa ɗaya i, biyu a'a. Kwana shida da turawa amsa ta zo da jan rubutu. An ƙi.

Anti Fati ta ga fuskata ta ce, "Yalla, sa mayafi. Kuka ba ya buga hatimi." Ta iya Larabcin kasuwa, ita ta raka ni ofishin biza. Matar da muka samu a bayan gilashi ba ta wulaƙanta mu ba, gaskiya. Ta juyo mini da allon kwamfutarta ta nuna da farce.

"Takardar haihuwa ta ce uwarsa Asabe. Fasfo ya ce Khadija. Uwa nawa gare shi?"

Na ce, "Biyu."

Anti Fati ta fassara. Matar ta dube ni ta ce, "A takarda ɗaya ce."

Ta ce abin da na rubuta, a idon doka, bayanin ƙarya ne. Amma ina iya ɗaukaka ƙara gaban kwamiti, da wasiƙar likita da takardar rantsuwa daga kotun gida cewa wannan mata ita ta rene shi, komai a fassare da Larabci, da hatimi. Ta ƙara da cewa in hanzarta, don daga farkon Nuwamba za a rufe bizar ziyara saboda ƙwallo, ba mai shigowa sai mai katin kallo. Da muka juya ta kira mu: "Me ya hana ki kawo uwar da ke takarda? Wannan kwana uku ne."

Na je na tambaye shi. "In kawo Hajiya?" Ya ƙifta sau biyu. Na sake tambaya, ya sake ƙiftawa sau biyu, hawaye ya gangara cikin kunnensa. Ba ƙiyayya ba ce. Mutum ne da bai taɓa zama ɗaki ɗaya da mahaifiyarsa minti goma ba, ga shi kwance ana juya shi ana goge shi.

Ƙaninsa Bashir, abokin wasana, shi ya yi zirga-zirgar gida. Kotu ta ce rantsuwar Goggo ba ta isa ba, sai wadda ta haifa ta zo ta faɗa da bakinta. Bashir ya kira ni bayan sun fito, muryarsa wata iri.

"Matar Yaya, yau na ji abin da ban taɓa ji ba. Alƙali ya ce wa Hajiya, wane yaro? Ta ce yaron Dije. Ya ce sunansa nake so. Har na ɗauka mun sha ƙasa. Can ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, Habibu. Ni na haife shi, ita ce uwarsa."

Ya ce Goggo tana dawowa ta haɗa jakarta: kuka, daddawa, garin kunu, da kwalbar man shanu. Ta ajiye ta a bakin ƙofa, ta hana kowa matsar da ita ko don shara. Goggo ba ta iya waya ba, sai Bashir ya riƙa ɗaukar muryarta yana turo mini, ni kuma in kara masa a kunne.

Takardun suka je Abuja suka sha hatimi, suka iso. Wani Basudane mai shagon buga takardu a Fereej Abdel Aziz ya rubuta mini wasiƙar roƙo, ya karanta mini ita har shi kansa ya share ido. Albashina na watan nan kusan duk a hatimi da fassara ya tafi. Na miƙa a makon farko na Oktoba, aka ce in jira.

Garin a lokacin ba na gane shi. An rataya hotunan 'yan ƙwallo a jikin dogayen gine-gine, fuska ɗaya ta rufe hawa ashirin, duk inda na bi da tsakar rana idanunsu na kaina, titi kuwa ba kowa. A layinmu an kwashe ma'aikatan da ke cunkushe a tsofaffin gidaje, aka bar tagogi a buɗe. Wata riga shuɗiya ta yi mako uku tana lilo a igiyar shanya ba mai ita. Ana share gari ana jiran duniya, ni tsohuwa ɗaya nake roƙo.

Sai wata Talata. Na shiga ɗakinsa wajen ƙarfe biyu na rana, na zauna a gefen kansa ina karanta masa Yasin. Ɗakin nan ba ya warin komai sai maganin goge ƙasa. Ina tsakiyar sura na ji ƙanshi ya ratso takunkumina, man shanu da hayaƙin itace. Na ɗaga kai. Idanunsa ba ni suke kallo ba, ƙarshen gado suke kallo, fuskarsa a sake kamar ta yaron da aka ɗauko daga makaranta. Na bi idonsa. Katifar wajen ƙafafunsa ta lotsa, daidai faɗin zaman mutum, zanin gadon ya tattare a wurin. Sai na ga babban yatsan ƙafarsa ta dama ya lanƙwashe, ya miƙe. Ya sake.

Ban yi ihu ba. Nas ɗin da ke kula da shi, 'yar Filifin, ta shigo ta tsaya tana shinshina, ta ce ai na san an hana shigo da abinci. Na buɗe mata jakata, ba komai sai Alƙur'ani da biro. Kafin ta kira Dakta Larai ƙanshin ya tafi, katifar ta koma daidai. Yatsan kuwa, da Dakta ta zo, ya motsa a gabanta.

"Ba ta nan ya kamata ya fara ba," ta ce. "Amma ba zan mayar da kyauta ba."

Daga ranar layin biro ya fara ja da baya. Na kira Bashir da murna na ce ya faɗa wa Goggo, ya haɗa ni da ita. Ya ce ta kwanta. Washegari ya ce ta tafi dubiya ƙauye. Amma saƙon murya bai yanke ba, duk bayan kwana biyu sai ya turo: "Habibu, ka yi haƙuri, ina nan tafe. Jakata a haɗe take." Ina kara masa a kunne, sai ya rufe ido har ya ƙare. A da in ya ji muryarta idonsa buɗewa yake yi.

Anti Fati ce ta fara lura. Ina sauraron wani saƙon a ɗakinta ta ce in maimaita. "Rabi, ruwa ake yi a bayan tsohuwar nan." Na kasa kunne, ga ƙarar ruwan sama a kan kwano. Ƙarshen Oktoba, a Haɗejia. Na koma saƙonnin baya. Tari ɗaya ne, a wuri ɗaya, da zakara ɗaya da ya yi cara bayan ta ce "tafe". Na ajiye wayar. Na ce wa kaina Bashir malalaci ne, tsohon saƙo yake turowa don ya huta da tafiya. Na zaɓi in yarda da haka.

Saura kwana huɗu a rufe ƙofa, wayar ta yi ƙara ina cikin aji. Koren rubutu. Kwamiti ya amince, an ba Khadija bizar wata ɗaya. Na fita baranda na yi sujada a kan tayil mai zafi, na kira Bashir.

"Ka ce wa Goggo ta ɗauki jakarta! Gobe-goben nan za ku tafi Kano."



"Matar Yaya," ya ce, "ki yafe mana. Goggo ta rasu. Yau kwana goma sha shida."

Ya ce ranar Talata ce. Ta idar da walaha ta jingina da bango kusa da jakarta, da rana ta take aka zo kiranta cin abinci aka tarar ta cika. Na tambaye shi ƙarfe nawa. Ya ce wajen sha biyu. Tsakaninmu da gida awa biyu ne.

Manya ne suka taru suka ce kada a faɗa. Mutum yana kan inji, in ya ji zai saki. Ni kuma an san bakina, fuskata ma ba ta iya ɓoye abu. Sai suka bar ni ina bin ofis-ofis, ina roƙon Larabawa su ba matacciya izinin shiga. Na zagi Bashir zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, yana ta cewa na'am. Na ji haushinsu, har yanzu da saura.

Sannan na wanke fuska, na tafi asibiti, na tsaya a kansa na ce, "An kusa, Baban Amira. Kwamiti na dubawa." Na ciro waya na kara masa muryar nan mai ruwan sama. A makon ne ake rage masa inji kaɗan-kaɗan. Abin da na zagi mutane a kai da azahar, shi na yi da la'asar, kuma na ci gaba da yi har mako uku.

Aka cire injin, murya ta dawo a shaƙe. Ya tambayi Amira, ya tambayi ko an biya kuɗin haya, har ya tambayi wa ya ci wasan farko. Bai tambayi Goggo ba ko sau ɗaya, bai tambayi biza ba. Wannan shirun ya fi komai hana ni sukuni.

Rannan wata lamba ta kira ni. Hajiya Asabe ce, wadda tun da aka kawo ni gidansu ba ta taɓa kirana ba.

"Rabi, an ce masu kallon ƙwallo ana barinsu su shiga."

"Haka ne, Hajiya."

"To ki saya mini tikitin."

Kafin in ƙarasa, ga abin da na zauna rubutawa dominsa. In za ku nemo wa wadda ta rene ku biza, ku rubuta abin da takarda ta sani, goggo ko inna, ku haɗa da rantsuwar kotu tun farko. Kalma ɗaya ta ci mini mako shida, kuma a cikin makonnin nan Goggo tana zaune da ranta a bakin ƙofa. Wanda ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada ku tsaya shafa man zafi. Dakta Larai, Anti Fati, nas-nas ɗin da suka juya shi dare da rana, da matar bayan gilashi, Allah Ya saka muku. Bashir, na yafe rabi.

Hajiya ta sauka cikin 'yan kallo masu fenti a fuska da ganguna, tsohuwa da carbi, katin ƙwallo na lilo a wuyanta. Kayanta ƙulli ɗaya ne, sai wata jaka da ta ƙi bari in karɓa. A mota na roƙe ta kada ta faɗa masa tukuna.

Da muka isa ta toge a bakin ƙofar ɗakin, ta juya gefe tana kallon bango. Shi kuma ba ita ya fara kallo ba, jakar ya kalla. Ya daɗe yana kallonta. Na buɗe baki zan yi ƙaryar da na shirya, ya riga ni.

"Bari, Rabi. Ranar Talatar nan ta zo ta yi mini sallama. Na ga kina ta wahala da saƙon nan ne, ban san yadda zan faɗa miki ba."

Na zauna a ƙasa.

Hajiya ta shigo a hankali. Ta zuge jakar, ta ciro kwalbar man shanu, ta zauna a ƙarshen gadon, daidai wurin nan. Ta yaye zanin, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta. Sai ta tsaya da man a tafin hannu tana kallon ƙafar ɗan da ta haifa shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, ba ta san ta inda ake kamawa ba.

"Daga diddige take farawa," ya ce.

"To, Habibu," ta ce. Ta fara daga diddige.